Ɗakin da Kawu Ya Gina wa Yaya

Yayata gurguwa ce tun tana ƙarama, shan-inna ce ta taɓa ta, amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin wani ya ɗauke ta ba. A ƙauyenmu da ke bayan Runka, silifa take sa wa hannuwanta ta ja jiki, kuma wallahi kafin ke mai ƙafa ki gama neman gyalenki ta kai ƙofar gida. Ɗakinta na ƙasa ne, bakin ƙofarsa daidai da tsakar gida, ba tudu ba rami. Daddawarta rabin garin ke miya da ita.

Da mutanen daji suka matsa mana, muka kwaso 'yan komatsanmu muka sauka a Batsari, gidan Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, tsohon ma'aikacin gwamnati. Kawu mutumin kirki ne, sai dai kirkinsa ba ya son duhu, ya fi son inda za a gan shi. Bai kwana biyu ba ya sanar a majalisarsu cewa zai gina wa "baiwar Allahn nan" ɗaki na musamman. Ya yi shawara da magini, ya yi da mai fenti, ya yi da abokan hirarsa, har mai shayin bakin titi sai da ya tofa albarkacin bakinsa. Yaya tana zaune a gindin darbejiya tana tsince ƙalwa, ba wanda ya ce mata ci kanki.

A unguwar Kawu, girman mutum a tsayin harsashin gininsa ake ganinsa. Kowa ɗaga nasa yake ya fi na maƙwabci, wai saboda ruwan damina, sai ka ce kogi ne ya ratsa ta layin. To Kawu ba zai bari a ce ya yi wa 'yar 'yar'uwarsa ginin talaka ba. Aka ɗaga ɗaki ya kai ƙugun mutum, aka yi masa matakala, aka shimfiɗa tayil mai sheƙi tun daga waje har ƙurya. Bayin ma na zama aka sa, fari tas, dogo, irin na gidajen manya.

Ranar buɗewa aka tara mutane, aka yi addu'a, aka sa wa Kawu albarka har sai da ya share ƙwalla. Sannan aka waiwayo ana neman mai ɗaki. Ta jawo jiki ta zo gindin matakala, ta ɗaga kai ta duba, ta tsaya. Ni da matar Kawu muka cicciɓe ta kamar buhun gero muka haye da ita, mutane na ta "Masha Allah". Na kalli fuskarta, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tayil kuwa ba ya shiri da silifa. Ta dafa, hannu ya zame, haɓa ta bugi ƙasa. Bayin sai an ɗora ta, an tsaya, an sauke ta. Matar da ta goya ni, ta yi mini tsarki ina jaririya! Daga baya na lura ta rage shan ruwa, a wannan zafin, don kada ta yawaita kiran mutane. Wata ƙungiya ma ta kawo mata keken guragu, aka ɗauki hoto, aka ajiye shi a gindin matakala. Kaji sun ji daɗinsa ƙwarai.

Wata rana Kawu ya tafi Katsina, Yaya ta kira ni. Ta ce, "Ke, kin manta yadda ake daɓe?" Ban manta ba. Na gayyato matan ƙauyenmu da ke warwatse a gari, muka ɗebo jar ƙasa da tsakuwa muka binne matakalar nan, muka yi gangare mai sauƙi, muka yayyafa ruwan makuba muka yi ta bugu muna waƙa. Cikin ɗakin kuma muka rufe tayil da tabarmi. Da ya bushe, Yaya ta sa silifanta ta gangaro ita kaɗai, ta ratsa tsakar gida, ta fita har maƙwabta gaisuwa. Ranar ta sha ruwa har da ƙari. Ni kuwa kuka na yi, ban ɓoye ba.

Kawu ya dawo, ga bikin ɗansa ya matso, baƙi za su zo. Ya tsaya ya riƙe ƙugu. "Wa ya zuba mini wannan ƙazanta a kan tayil?"

Na ce, "Kawu, hanyar Yaya ce."

Ya ce, "Hanya? Gidan nan an rasa masu ɗaukarta ne? So kuke a ce na kasa kula da ita? Ladan ɗaukar ma ba ku so mutane su samu?"

Tabɗi! Wato ita ta zauna a sama kamar tulu, mu mu riƙa tara lada da ita. Na faɗi maganganun da har yau matar Kawu ba ta gama yafe mini ba. Maganganun nawa ba su hana komai ba. Kafin la'asar an kawo lebura da shebur, matakala ta fito tana ƙyalli.

Yaya ta bari sai da biki ya watse. Ranar kasuwa ta sa na ɗaure mata kayanta, ta aika a tsayar mata da a-kori-kurar da ke komawa wajen Runka. Kawu ya fito hankali tashe. "Haba ke kuwa! Ɗaki kamar wannan? Kin san abin da ake yi a can kuwa? Idan mutanen daji suka shigo garin fa?"

Ta gaishe shi da ladabi, ta yi masa godiya, ta yi masa addu'ar gamawa lafiya. Sannan ta ce, "Na sani, Kawu. Amma can, ko sun zo, zan iya fita daga ɗakina da kaina."