Ranar da Autata Ta Fara Cin Burodi

Da burodi aka yaye ɗana na fari, kuma ba wanda ya ga aibun hakan. Lokacin muna haya a Kafanchan, kusa da layin dogo, ina koyarwa a firamare, maigidana yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ƙofa da ƙofa muke da wata dattijuwa Ibo wadda mijinta ya yi ritaya daga reluwe. A garin ta haifi 'ya'yanta duka, ta aurar da su, ta kafa tebur a bakin ƙofa tana sayar da burodi da cincin. Ita nake bar wa yaron idan zan tafi makaranta. In na dawo sai in same shi a ƙarƙashin teburin, kumatu duk ɓurɓushi, kamar shi ne mai jarin.

"Malama, yaronka ya san abu mai daɗi," haka take ce mini kullum.

Sai dai cin bai bi jikinsa ba. Ciki ya yi gaba, ƙafafu suka sirance, ga zawo ba hutu, ga kuka. Kowa da abin da ya gano. Matan zumunta a coci suka ce haƙori ne. Babansa ya ce tsutsar ciki ce. Uwar mijina, wadda ke noman citta a Kwoi, ta ce madarar gwangwani ce. Muka bi kowace magana, yaro yana nan yadda yake. Daga ƙarshe aka tura mu Jos. Bayan gwaje-gwaje, wata likita ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla. Akwai wani abu a cikin alkama da jikin yaron ke ɗauka maƙiyi ne. Duk lokacin da ya ci, hanjinsa na jin ciwo, abinci ya wuce bai amfane shi ba. Magani ɗaya ne: ya rabu da alkama har iyakar ransa.

Da na gaya wa maƙwabciyata, sai ta zauna a bencinta ta yi ta hawaye, wai ita ta cuce shi. Na ce mata likita ta ce da shi aka haife shi, ko wa ya ba shi burodin haka za a yi. Washegari na ga ta mai da teburinta ɗaya gefen gidan, inda ba zai riƙa hangowa ba. Muka koma kunun acca, gwate, doya, tuwon masara. Kafin damina ta fita yaro ya murmure, har yana bin kajin mutane da gudu.

Da na haifi ƙanwarsa kuwa, tun kafin ta iya zama aka fara shari'ar yayenta. Uwar mijina ta iso a bayan babur da rabin buhun acca, ta sauke shi a tsakar ɗaki.

"'Yata, wannan yarinya ba zai taɓa fulawa ba," in ji ta. "Ko warinsa. Sai ya yi aure."

Maƙwabciyata ita ma ta samu nata ra'ayin. "Mama, a'a. Ka ba shi tun yanzu, cikinsa ya saba. Wancan mun yi latti ne."

Yarinyar ba ta ma kai wata huɗu ba. Babansu ya ɗauki rediyonsa ya fita waje.

Na goya ta muka koma wurin likitar nan. Ta yi dariya da ta ji yadda aka yi, sannan ta ce ciwon yana bin jini, saboda haka yarinyar tana iya samunsa, tana iya tsira. Ta ce kada in bari wani ya yi mini alkawarin hanyar da za ta hana shi tabbas, don har yanzu masana suna kan bincike. Amma ɓoye mata alkama ba ya korar ciwon, sai dai ya ɓoye mana shi. Gaggawa kuma ba ta da amfani. In jira ta kai lokacin fara cin abinci, in ci gaba da ba ta nono, in fara da kunun da muka saba. Daga nan sai in ɗan sa mata alkama kaɗan, ba tuli ba, ina ƙarawa a hankali, ina lura da bayan-gidanta da nauyinta. In na ga wani canji, in kawo ta gwaji.

Na dawo na karanta musu hukunci. Kowace ta ce ai abin da ta faɗa ke nan.

Da ta kai lokacin fara cin abinci, wata Asabar da hantsi, bayan na gama wanki, muka yi abin. Maƙwabciyata ta kawo burodi mai ɗumi a faranti, an rufe da kyalle kamar za a kai wa baƙo. Uwar mijina ta ce sai an yi addu'a, ta yi ta da yarensu, doguwa, har burodin ya huce. Na gutsiri abin da bai kai farcen ɗan yatsana ba, na jiƙa a kunu, na sa mata a baki. Mu uku muka sunkuya a kanta. Ta juya shi da harshe, ta ɓata fuska, ta tofar da rabi a zanen kakarta, ta haɗiye rabi, sannan ta kama cokalin tana neman ƙari.

Yayanta yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo.

"Mama, me ya sa ita za ta ci?"

Na ce masa gwada cikinta muke yi, mu ga ko irin nasa ne. Ya ce in irin nasa ne zai riƙa raba mata ƙosansa. Maƙwabciyata ta juya baya tana gyara ɗankwali.

Uwar mijina ta ɗaga komawarta Kwoi, duk da aikin citta na jiranta. Ta naɗa kanta mai binciken nafkin ɗin jaririyar. Ba wanda ya isa ya wanke ko ɗaya sai ta kai shi rana ta duba, ta kaɗa kai, ta ce, "Yau ma lafiya." Da ta gaji da samun lafiya, ta hau babur ta tafi.

Autata yanzu tana cin komai, taliya ce ma abincinta. An yi mata gwaji daga baya, ba a ga komai ba. Ko tsarin yayen ne ya taimaka, ko dama ba ta gaji ciwon ba, ban sani ba, likitar ma ta ce ba za ta iya rantsuwa ba. Matan zumunta sukan turo mini masu jego in ba su shawara, ni kuma in ba su labarin nan, in ce su je asibiti.

Yayan kuwa ya zama saurayi, ya fi babansa tsawo. Da aka yi masa baftisma, muka tuna cewa gurasar Jibin Ubangiji da ake rabawa a coci ta fulawa ce. Na je na sami fasto ina ta kame-kame. Ya ce in bar masa. Ran Lahadi da aka zo kan ɗana, sai dattijon da ke rabawa ya zaro wani ɗan kofi daga gefen tire, da gutsuren wainar shinkafa a ciki. Matar fasto ce ta soya da safe. Yaron ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai kamar kowa.