Amsar da Ake Bayarwa Wajen Rakiya

Shekarun baya masu yawa, tun Turawa ba su tafi ba, ina ajin ƙarshe a makarantar 'yan mata a nan Kaduna, aka aike mu wani ofishin gwamnati ni da ƙawata. Abin da na fara lura da shi da muka shiga shi ne ƙafar akawun. Ya tuɓe takalma ya tura su ƙarƙashin tebur, yana zaune da safa, babban yatsansa ya leƙo ta wata huda. Ina can ina kallon yatsa, ƙawata har ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaida baturiyar da ke zaune kusa da taga, ta tambaye su gajiya da iyali. Ni sai da ta zungure ni da gwiwar hannu na tuna ina da baki.

Akawun ya yi mana bayani. Ana shawarar sa bas ya riƙa zirga-zirga tsakanin unguwanni da cikin gari, to ana so a bi gida gida a ji da me mutane suke tafiya, kuma ko sun gamsu. Shi zai tsaya a zaure ya tambayi magidanta. Amma namiji ba ya shiga cikin gida, shi ya sa aka nemi 'yan makaranta biyu su shiga wurin mata. An ba mu Kawo, kwana shida.

Daga nan baturiyar ta ce wadda ta fi ƙoƙari a cikinmu za ta rubuta mata takardar yabo zuwa makarantar horon malamai mata. Akawun ya ɗaga yatsa ya ƙara da nasa: “Ɗaya tak, kun ji ko?”

Na ji sarai. Mahaifina tela ne a kasuwa, bai san kowa a ofis ba sai waɗanda yake yi wa ɗinki. Mahaifin ƙawata kuwa ma'aikacin gwamnati ne, yana da keke mai fitila da abokai masu sa hannu a takarda. A lissafina, ita ko ba wannan takarda za ta shiga makarantar. Ni ce mai bukata.

Tun ranar farko aiki ya raba kansa ba tare da an yi shawara da ni ba. Ita ke tambaya, ni ke rubutu. Da muka zo shiga mota kuma, direba ya buɗe mata gidan gaba kusa da akawun, ni aka nuna mini benci a baya, ni da damin takardu da tulun ruwan mota. Daga cikin gari har Kawo ina jin dariyarsu ta bayan gilashi. Ban san abin da take ba su labari ba, amma na yanke hukunci ba abin dariya ba ne.

Gaskiya dai ƙawata ta iya shiga gida. Sallamarta kaɗai sai ka ga kaji sun watse. Kafin a shimfiɗa tabarma ta ɗauki jaririn gidan, ta gano garin da matar ta fito, ta nemo wata gwaggonta da ta taɓa aure a can. Matan su yi ta cewa, “Kai, wannan yarinya rediyo ce!” Sannan su juyo kaina: “Ita kuma wannan ta bayan, kurma ce?”

“A'a Inna, akawuna ce,” in ji ƙawata. A yi dariya. Ni ma in yi, don dole.

Tambayoyin ba su da yawa. Sau nawa kike fita unguwa a wata? Ina kika fi zuwa, asibiti ko biki ko ganin gida? Da ƙafa, ko a jaki, ko a lori, ko a jirgin ƙasa? Ta ƙarshe ita ce, kin gamsu da yadda kike tafiyar? A gabanta akwai gurbi uku: ta gamsu, dama-dama, ba ta gamsu ba.

Duk gidan da muka shiga, amsar ta ƙarshe ɗaya ce. Matar za ta gyara ɗankwali, ta dubi takardar da ke cinyata, ta dubi ƙofar zaure inda ake jiyo muryar maigidanta, ta ce, “Alhamdulillahi, mun gode Allah.” Ƙawata ta ce, “Akawu, sa ta gamsu.” In sa.

Da an gama, ƙawata za ta miƙe ta yi gaba da sauri, don in ta yi jinkiri akawun yakan ɗora jakarsa a wurin zamanta. Ni kuwa ga nawa: in ninke takarda, in ɗaure ta da zare, in soke fensir a kitso, in nemi takalmina. Saboda haka kullum ni kaɗai ake yi wa rakiya zuwa bakin zaure.

A gida na huɗu ne wata mata, muna tafe a hankali tsakanin rumbu da turken akuya, ta rage murya ta ce, “'Yar nan, da gaske motar za ta riƙa zuwa asibiti?”

Na gyaɗa kai.

“Allah ya sa. Watan jiya da ƙafa na kai wannan,” ta nuna goyonta da haɓa, “jikinsa kamar garwashi. Na tsaya bakin titi tun hantsi, duk lorin da ta taso daga Zariya cike take, ko kallona ba su yi. Kafin in isa an rufe karɓar kati.”

Na tsaya ina kallonta. Yanzun nan ta ce ta gamsu, da hannuna na sa. Ta ga abin a fuskata, ta yi murmushi. “To me zan ce a gaban takardar gwamnati, ga maigida kuma yana ji? A ce ya gaza?”

Daga ranar na fara sa kunne, sai na ga ashe kusan ko'ina haka ne. A kan tabarma, baƙo bai gama shan ruwa ba, ba a kai masa ƙarar zaman gida. Sai an ninke takarda, an taso rakiya, an zo daidai lungun da ba a gani daga zaure, sannan magana take fitowa. Wata tsohuwa Basakkwata ta riƙe mini hannu ta ce, “Ɗiyata, hawan lorin nan shi ag gidan wuya. Su ɗora ka bisa buhu cikin maza kamar kayan miya.” Wata amarya ta ce ranar da aka aiko mahaifiyarta ta rasu a Unguwar Kanawa, ta isa an riga an kai ta. Wata kuma dugaduganta kawai na kalla, duk sun tsattsage, alhali ta ce mana ba ta zuwa ko'ina.

In mun koma mota, a kan bencin nan mai jijjiga, sai in ciro littafin lissafina in juya shi ta baya in rubuta abin da na ji, gida gida, yadda suka faɗa.

To ga inda halina ya fito. Ban gaya wa ƙawata ba. Kalma ɗaya ta isa: ki daina sauri, ki tsaya a raka mu tare. Da ta tsaya, da bakin nan nata sai ta kwaso ninkin abin da na samu. Abin da nake gudu ke nan. Na riƙa kallon ƙeyarta ta gilashi ina cewa a raina, yi ta dariya, duk takardun da kike sa ni cikawa iska ce, gaskiyar tana cikin jakata. Na tsara yadda ranar ƙarshe zan miƙe a gaban baturiya in buɗe littafi, kowa ya yi tsit, ƙawata ta sunkuyar da kai.

Har gwaji na riƙa yi a bayan ɗakin mahaifiyata da la'asar, awaki ne 'yan kallo. Ranar Alhamis mahaifiyata ta kama ni.

“Ke da wa kike shari'a a nan?”

Na kwashe labari na ba ta, na yi masa ado da tausayin matan Kawo. Ta saurara tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

“Allah sarki, tausayi ne ya kama ki haka?”

“I, Inna.”

“Tun yaushe kika gane?”

“Tun Litinin.”

“Yau Alhamis. Gida nawa kuka shiga a tsakani kina sa masu sun gamsu?” Ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tsince. “Ƙyashi ne, 'yar nan. Ki kira shi da sunansa, ya fi sauƙin magani.”

Na yi fushi na ƙi cin tuwo. Kuma ban fasa shirina ba.

Ranar Asabar da safe aka tara mu a ofis. Akawun ya jera takardunmu, ya ce wa baturiya, “Ranki ya daɗe, matan Kawo dai ba su da kuka. Kusan duka sun gamsu. Ina ga bas ɗin a fara da wata unguwar.” Ya yaba wa ƙawata, ya ce bai taɓa ganin yarinya mai buɗe gida irinta ba. Ni ya ce rubutuna yana karantuwa.

Baturiyar ta tambaya da Hausarta ta littafi, “Akwai sauran magana?”

Na miƙe. Littafin yana hannuna, gumi ya jiƙa bangonsa. Na buɗe baki, duk jawabin da awaki suka haddace ya ƙi fitowa. Mutum uku suna kallona, fankar sama tana juyawa. Akawun ya ce, “Fitsari za ki? Bayan ofis, hannun dama.” Na koma na zauna. Baturiyar ta fara haɗa takardu tana daidaita gefensu a kan tebur.

Bari in gaya muku yadda ta ƙare tun yanzu, kada ku zaci labarin nasara ne. Ƙawata aka rubuta wa takardar. Ni sai shekarar da ta biyo baya na shiga makarantar, da jarrabawa, na same ta ta riga ta zama shugabar ɗakin kwananmu. Takardun Kawo an sake bin wasu gidajen aka gyara, ita gaba, ni baya, wannan karon muna jan ƙafa wajen rakiya. Ko abin da muka kai ne ya sa daga baya mota ta fara tsayawa a can, ban sani ba, ba wanda ya dawo ya gaya wa 'yan makaranta.

Na yi koyarwa shekaru masu yawa bayan haka, kuma ban taɓa yarda da “na gane, Malama” da aka faɗa a tsakiyar aji ba. Sai an tashi, in tsaya a bakin ƙofa in jira mai jan ƙafa. Ƙawata tana nan da ranta, jikokinmu ma sun san juna. Har yau in muka je taro ta shiga da sallamar nan tata, mata suka yo kanta, nakan ji ɗan abin nan ya motsa a ƙirjina, tsofai-tsofai da ni. Na daina musun sa. Abin da nake jin kunyarsa shi ne kwana biyar ɗin da na riƙe maganar matan nan a jaka, ina jiran ranar da za ta yi mini amfani.

A ofis ɗin kuwa, a ranar, ba wannan dogon tunani na yi ba. Na ga dai baturiya ta ɗauko zare za ta ɗaure takardun, na san in ta ƙulla shi ke nan, an rubuta matar nan mai goyo ta gamsu. Na san kuma wadda za a ba takardar yabo in murya ta fito daga bakin da ba nawa ba. Na dubi ƙawata. Sabon ɗankwalinta ma haushi yake ba ni.

Na tura mata littafin a kan cinya, na buɗe shi ta baya. Ta karanta layi biyu, ta ɗago ta zuba mini ido.

“Ke! Tun yaushe?” ta ce ƙasa-ƙasa.

“Ki bari sai mun fita ki zage ni,” na ce. “Tashi ki karanta masu, da ƙarfi, yadda kike yi. Amma don Allah, in kin gama, ki ce ni na rubuta.”