Agogon da ke Ƙirjin Yaya

Bayan an yi wa yayata aikin zuciya, in ɗaki ya yi shiru sai ka ji ƙirjinta yana ƙyas-ƙyas kamar agogon hannu. Dama likitan ya gaya mana haka za a yi. Ya ce ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyarta ce ta lalace tun wani ciwon maƙogwaro na yarinta da ba wanda ya tuna, shi ya sa take haki in ta ja guga biyu, shi ya sa ƙafafunta suke kumbura. Suka cire ta, suka sa ta ƙarfe. Bawul yake ce mata, kamar dai na taya. Yaya ta ce to madalla, ta huta da sayen batir.

Mu biyu muke zaune a gidan da mahaifinmu ya bari a Kurmin Sarki, cikin Suleja, sai 'yan haya a ɗakunan waje. Ita tela ce, mijinta ya rasu, ba ta haihu ba. Ni ce 'yar boko, mai aiki a Abuja, mai fita da sassafe ta dawo a gajiye, kuma ni ce mai baki. Duk wata takardar asibiti ni na sa wa hannu. Ranar tiyatar wuni na yi a kan benci, dangi suna ta yaba ƙarfin halina. Ba ƙarfin hali ba ne. Ban ji komai ba ne kawai, ko yunwa.

Ranar da aka sallame mu wata nas ta zaunar da ni, ta yi mini bayanin ƙwayar da Yaya za ta riƙa sha kullum har ƙarshen rayuwarta, mai tsinka jini don kada ya daskare a jikin ƙarfen. Ta yi maganar gwajin jini duk wata, ta yi maganar abinci, ta ba ni takarda mai shafi biyu. Ni kuwa waya tana kunnena, ina faɗa da direban da ya ce ya kusa alhali ko Suleja bai baro ba. Na ce mata na gane. Takardar na cusa ta cikin ambulan ɗin hoton ƙirji.

A gida na zama 'yar sanda. Duk mai zuwa dubiya sai na leƙa ledarsa. Gwaggonmu ta taso tun daga Tafa da jarkar jiƙo, na mayar da ita da abinta, har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Ƙwayar kuwa ko sau ɗaya ba a tsallake ba, gwaji biyu na farko duk suka yi kyau. Ina ji da kaina sosai a lokacin.

Cikin 'yan hayarmu akwai Maman 'Yan Biyu, mutuniyar kudu mai sayar da kayan miya, ta fi shekara goma a gidan. Ita ke leƙa Yaya in na tafi aiki. Wata rana ta ja fatar idon Yaya ƙasa ta duba, ta girgiza kai.

"Anti, jini babu for body. Bari in yi mata ugu."

Ban hana ba. Kowa a Suleja ya san ganyen ugu yana ƙara jini, har masu jego ake ba wa. Kuma ai abinci ne, ba jiƙo ba. Tun daga ranar, kowace safiya sai ta wanke ganyen, ta murje, ta tace, ta zuba madarar gwangwani, ta kawo cike da wani babban kofin silba. Ko sisi ba ta taɓa karɓa ba. Ni kuma na ƙara da kwaɗon zogale da dare, don kada baƙuwa ta fi ni kula da 'yar'uwata. Yaya ba ta son abin ko kaɗan, toshe hanci take yi. Ni nake tsayawa a kanta sai ta shanye kafin in fita.

Ta yi kyau kuwa. Ta yi kumatu, ta koma kan kekenta. Da lokacin gwaji na uku ya zo, aiki ya sha mini kai, ga cunkoson hanyar Abuja, na ce mako mai zuwa. Na huɗu ma haka. Mutumin da ke ɗinka kaya kala uku a wuni, wane gwaji kuma.

Wata Asabar mun idar da sallar la'asar, muna zaune a kan darduma, sai ta ce, "Ke, agogon nan nawa ya rage ƙara."

Na kara kunnena a ƙirjinta. Yana nan, amma can ƙasa-ƙasa, kamar an danne shi da matashi. Na ce mata ƙiba ce, ta rage cin tuwo. Muka yi dariya. Bayan kwana kaɗan hakin ya dawo, na ce gajiyar ɗinki ce. Ranar wata Talata da hantsi ina ofis Maman 'Yan Biyu ta kira ni, ta ce ta tarar da Yaya kife a kan keke, numfashi yana neman gagarar ta.

A asibiti aka sake ɗaukar hoton zuciya. Likitan ya juyo mini da allon, ya nuna mini ƙofar ƙarfen: ɓangare ɗaya yana motsi, ɗayan ya tsaya, jini ya daskare a kansa. Ya tambaya ko tana shan ƙwayarta, na ce ba fashi. Ya tambayi gwaji, na ce biyun farko kawai aka yi. Ya tambayi abin da take ci, na lissafa masa, har da ɗan alfaharina na ambaci ugu da zogale.

"Kullum? Tun yaushe?"

"Wata uku."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ganye ba haramun ba ne gare ta, amma mai yawa haka kullum yana rage wa ƙwayar ƙarfi, kuma da an yi gwajin da an gani tun da wuri an gyara. Ya ce yana cikin takardar da aka ba mu.

Suka sake shiga da ita tiyata. Bencin dai shi ne. Ambulan ɗin yana cikin jakata, na zaro takardar, na same shi a shafi na biyu, an ma ja masa layi da biro. Na karanta sau biyu, na ninke, na mayar. Na jira in ji wani abu ya tsinke a cikina, ban ji ba. Har na sayi ruwa na sha. Yaya ba ta farfaɗo ba, bayan kwana biyu ta cika.

Da ake mata wanka ni nake zuba ruwa. Ɗakin shiru, sai na kama kaina ina kasa kunne.

Dangi sun tambayi abin da ya faru, na ce kwana ne ya ƙare, kowa ya ce haka ne. Ban gaya wa kowa sauran ba. Maman 'Yan Biyu tana gidan har yanzu, kuma har yanzu ba ta sani ba.

Washegarin sadakar uku, mutane sun watse, ina zaune a ƙofar ɗaki kusa da keken da aka lulluɓe da zane, sai ga ta da kofin silbar. Idanunta sun kumbura fiye da nawa. Ta durƙusa, ta ja fatar idona ƙasa ta duba.

"Anti, ke ma jini ya ragu. Sha, abeg."

Na karɓa. Ta tsaya a kaina sai da na shanye. Ta ɗauki kofinta, ta ce gobe ma za ta kawo. Na ce to.