Ranar da Aka Kwashe Jujin Yayana

Assalamu alaikum Malam Edita, tare da masu karatu. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, yau dai na ga gara in faɗe ta, ko Allah zai sa ta amfani wani.

A lokacin da abin ya faru ni magidanci ne a wani ƙauye na arewacin Kano, ina noma da damina, da rani kuma ina karantar da littattafan fiƙihu a zaure. Ban yi boko ba, karatuna da rubutuna duk na ajami ne. Shekarun nan ne masu wuya, da ruwa yake ɗaukewa tun gero bai ƙosa ba, kayan masarufi suka yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, takin zamani kuwa sai dai a ji labarinsa a rediyo. Ana cikin haka aka ce za a yi zaɓen ƙananan hukumomi. Dattawan mazaɓarmu suka taru suka ce ni za su tsayar kansila, wai don ba zan ci amanarsu ba. Na ƙi, suka matsa, na yi istihara, na karɓa, Allah kuma ya ba mu nasara.

Wanda bai san ƙasarmu ba sai in ɗan yi masa bayani. Gonakinmu ƙanana ne, manne da juna, kuma ba ma barin gona ta huta, domin babu inda za a koma. Abin da ke riƙe da ita taki ne. Tun daga kaka kowane gida yake tara juji a ƙofarsa: tokar murhu, sharar turken awaki, kashin kaji, ƙaiƙayi, duk abin da tsintsiya ta kwaso. Idan bazara ta yi sai a zuba a mangala, jaki ya yi ta kaiwa gona kafin ruwa ya sauka. Nawa na riga na kai tun kafin zaɓe. Yayana kuwa, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya sayar da jakinsa don ya ciyar da iyali, saboda haka nasa yana nan tuli guda a ƙofar gida. Ya ce in ara masa nawa jakin, na ce ya bari a gama rantsar da mu, domin a lokacin jakin yana ɗebo mini ƙasar yaɓen zaure, tunda baƙi sun fara yi mini yawa. Ya yi dariya ya ce to Onarabul, ai shi talaka jira ne sana'arsa.

A zamanmu na farko a majalisa kowa ya zo da abin da mutanensa suka ɗoro masa. Wannan rijiya, wancan rufin makaranta, wani gadar da ruwa ya cinye. Ni kuma taki da iri nake so a yi magana a kai. Ciyaman ya saurare mu, sannan ya ce asusu babu komai, amma akwai aikin da ba ya cin kuɗi da yawa kuma kowa zai gani da idonsa, wato tsaftar gari. Ya ce wani babban baƙo zai zo daga birni duba ƙananan hukumomi, kuma wadda ta burge shi ita za a fara sakar wa kuɗin ayyuka. Sakatare ya karanta takarda mai tsawo da Turanci, ya taƙaita mana da Hausa cewa za a kwashe shara daga kasuwa da tasha da bakin hanyoyi. Wallahi abin da ya zo mini a rai shi ne bayan mahauta da kwatamin tasha, inda mutum ba ya iya wucewa da alwala cikin natsuwa. Na miƙe na yi bayani a kan matsayin tsarki a addini, aka yi ta kabbara, Ciyaman ya ce ai Malam ya gama magana. Aka ce a ɗaga hannu, na ɗaga. Ban tambaya wace shara ba, ban tambaya bakin wace hanya ba. Kuma hanyar da baƙon zai biyo ta tsakiyar ƙauyenmu ta ratsa.

Wata safiya na dawo daga ɗaurin aure sai na tarar da tifa a ƙofar gidan Yaya, leburori suna ta aiki da shebur, duba-gari yana tsaye da kakinsa. An riga an share ƙofofin gidaje da dama, kuma duk na waɗanda ba su da jaki ne, don masu hali sun daɗe da kwashe nasu. Matar Yaya tana daga cikin soro tana faɗa, tana cewa tun sanyi take tara tokar nan da hannunta. Shi kuwa yana tsaye da igiyar akuya a hannu. Da ya gan ni sai ya ce yauwa, ga mai gwamnati nan ya iso, in gaya musu wannan ba shara ba ce, tuwon yaransa ne na baɗi. Na ce wa duba-gari ya dakata. Ya russuna ya gaishe ni da ladabi, ya ce Allah gafarta Malam ai mu kansiloli ne muka zartar, shi aiko shi aka yi, kuma da mai shela ya zagaya har cewa ya yi Malam ne ya fi kowa goyon baya. Jama'a suka juyo suna dubana. Na roƙi direba ko ya juye a gonar Yaya, tunda ga ta nan ana hango ta. Ya ce tifa za ta kafe a rairayi, kuma man da aka zuba masa na zuwa ramin bayan sakatariya ne kawai.

Na hau keke na bi su. Na zauna a bencin sakatariya har azahar kafin in ga Ciyaman. Ba mugun mutum ba ne, shi ma ɗan manomi ne, kuma da na yi masa bayani sai ya dafe kai ya yi salati. Amma ya ce abin da majalisa ta zartar sai majalisa ce za ta warware, kuma ba za a sake zama ba sai bayan baƙo ya tafi. Kansilan cikin gari yana wurin, ya fashe da dariya ya ce kowa yana neman wa mutanensa famfo, Malam yana neman musu kashin awaki. Daga ranar suka sa mini suna kansilan juji. Kafin in fito an juye takin ƙauyenmu a rami tare da fasassun kwalabe da ƙazantar mahauta, washegari aka rufe da jar ƙasa, aka daddaɓe, aka mai da wurin filin ajiye motocin baƙi.

Baƙo ya zo, ya ratsa ƙauyenmu gilashin motarsa a rufe. Da aka sake zama na kawo kukan mutanena, aka tausaya, aka ce za a kafa kwamiti. A wannan makon ne ruwan shuka ya sauka. Na kwashe ɗan abin da ya taru a turkena na kai wa Yaya, bai rufe ko kusurwar gonar ba. Takin zamanin da aka yi mana alkawari bai iso ba sai da gero ya fitar da kai, lokacin da ba shi da sauran amfani. Ina ji ina gani gonarsa ta yi rawaya, wuta-wuta ta mamaye ta, ga tawa kusa da ita kore shar. Na daina bin wannan hanya idan zan tafi gona. Da kaka abin da ya samu bai kai su ko tsakiyar rani ba. Na raba nawa da shi, amma gida biyu ba su ƙoshi da abin da da ƙyar yake isar ɗaya. Kafin wata damina ya jinginar da gonar, ya kwashi iyalinsa suka koma Dawanau, inda babbar kasuwar hatsi take. Mu kuma aka rushe majalisarmu tun kwamitin bai taɓa zama ba.

Na je na same shi a can. Ƙarfinsa bai kai na dako ba, sai wani mai shagon hatsi ya ba shi aikin share wuri, abin da ya zube daga buhuna ya tattara, matarsa ta sheƙe, su dafa. Na zauna kusa da shi na fara neman gafararsa. Ya katse ni, ya ce abin da Allah ya rubuta ne, kuma ya san ba da gangan na yi ba. Sannan ya nuna mini ɗan tulin dawar da ya share gefe guda, ƙasa da tsakuwa duk a ciki, ya rage murya ya ce Onarabul, a nan ma shara ce take ciyar da su, don Allah kada in gaya wa majalisa. Ya yi dariya, ni na kasa. A can ya rasu, bai sake noma gonar mahaifinmu ba, har yau kuma tana hannun wasu.

Abin da na koya shi ne, kyakkyawar niyya ba ta isa mutum ya zauna a kujerar jama'a ba. Babu wanda ya saci komai a wannan aiki, babu wanda ya nufi kowa da sharri, amma gidaje sun tashi. Ina kira ga duk wanda aka zaɓa sabo, musamman irina da ake karanta wa takarda a fassara masa: watannin farko su ne mafi haɗari, don kowa yana gaggawar a ga ya yi wani abu. Kada kunya ta hana ka cewa a maimaita. Ka tambaya a ina za a yi, kayan wa za a taɓa, wa zai kwana da yunwa idan an gama. Idan ba a ba ka amsa ba, ka bar hannunka a kan cinyarka, domin ɗaga shi ba wuya, amma ni na yi ta ƙoƙarin sauke nawa ban iya ba. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa Yayana a addu'a. Allah ya jiƙansa, ya yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu tambaya ba.