Robar Ƙofar Baba Mai Raga

Ni mutum ne da ba ya rufe ƙofa. Matata ta yi faɗa har ta gaji, ta koma addu'a. Idan zan shiga ɗaki, tare da ƙudaje muke shiga, su a gaba ni a baya, kamar ni ne baƙon. Kowa ya fi ni cancantar rubuta wannan jinjina, sai dai babu wanda ya kai ni cin moriyar mutumin.

Baba Mai Raga muke ce masa. Kafinta ne, amma ba ya yin gado ko kujera, ragar hana ƙuda kawai yake kafawa a taga da ƙofa. Da hantsi za ka hango shi tafe, naɗin raga a hammata, guduma a aljihu, ƙananan ƙusoshi a tsakanin leɓɓansa, shi ya sa gaisuwarsa ba ta wuce "uhm". In ka kira shi aikin taga, ba tagar yake fara dubawa ba. Sai ya zagaya bayan gida ya leƙa kwata, ya ɗaga murfin kwandon shara, ya ga ko an rufe bakin masai, sannan ya dawo ya zuba ƙusoshin a tafin hannu ya ce, "Maigida, ƙudan nan ba baƙi ba ne. Haifaffun gidan nan ne."

Alamar aikinsa ita ce roba. Duk ƙofar da ya kafa, sai ya yanko robar cikin tayar keke, ya buga bakinta ɗaya a jikin ƙofar, ɗaya a katakon da ke riƙe da ita. Ko ka manta, ƙofar ba ta mantawa: ɓam!

Shekarar da 'yata ta fara rarrafe, gudawa ta sa ta a gaba. A kai ta asibiti, a ƙara mata ruwa, a dawo gida, kafin a ce me ta sake kwantawa. Ta rame har idanunta suka faɗa. Ma'aikaciyar jinya ta tambaya ko muna da ƙudaje a gida. Na ce, "Daidai misali." Matata ta dube ni duban da har yau ban warke ba, washegari ta aika aka kira Baba.

Yana ɗaura robar na ce, "Baba, ƙarar nan ai za ta hana mutum barcin rana."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ɗana, na san gidan da babu ƙara. Nawa ne."

Daga baya mai shagon layinmu ya gaya mini cewa ɗan Baba na fari gudawa ce ta tafi da shi, yana rarrafe. Tun daga ranar bai sake sassaƙa kujera ba.

Yarinyata ta tashi. Ba ni kaɗai ke da irin wannan shaida ba. Malamar makarantar yara ta ce duk inda ɗalibai suka huda raga da fensir, sai ta tarar an ɗinke da zare, ba tare da ta aika ba. Mai sayar da abinci a bakin titi ta ce ya taɓa ƙin karɓar kwano daga hannunta sai da ta rufe tukunya.

Kai ne, Baba, mai gadin da ba ya riƙe sanda. Kai ka yi mana katangar da iska ke ratsawa, cuta ta tsaya a waje. Yaran da aikinka ya tsare ba su san an tsare su ba, domin babu mai yin biki don ciwon da bai zo ba.

Yanzu ido ya yi rauni, guduma ta fi samun yatsa a kan ƙusa, ya ajiye aiki. Na je gaishe shi, na ba shi labarin cewa 'yar tawa ta zo mana hutu da jaririyarta.

Ya ce, "Robar nan fa?"

Na ce, "Tana nan, Baba."

"Tana nan a sake. Na wuce ta ƙofar gidanka, ban ji ta ba." Ya laluba ƙarƙashin benci ya jawo tsohuwar taya, ya auna da taƙi, ya yanko sabuwa ya danƙa mini. "Jikar taka ta fara rarrafe, ko?"

Na ce ta fara.

Mun gode, Baba. Allah Ya ƙara lafiya, Ya haɗa ka da ɗanka a gidan da babu ciwo. Ku kuma matasa masu koyon sana'a, ga abin koyi: ku zagaya bayan gida kafin ku taɓa taga. Magidanta, mu rufe shara, mu gyara kwata, mu bar ƙofa ta yi ƙararta.

Robar da ya ba ni tana cikin aljihun rigata. Har an wanke rigar da ita a ciki.