Takwaran Yabin

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yabin, kuma har yau idan aka ambace shi ba na jin komai. Ba taurin zuciya ba ne, wallahi. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a tashar jiragen ruwa ta Nansha, muna tsaye ana yi mana lodin kwantena, ni na tallafe kansa, ni na bi gawarsa har aka sa ta a jirgin sama. Washegari na buɗe shagona a ginin Tianxiu. Tun daga nan wani wuri a ƙirjina ya mutu, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Ga wanda bai san shi ba, Yabin tafinta ne, Kirista, mutumin Gombe. Karatu ya kawo shi Guangzhou, ya ƙare yana tsayawa tsakaninmu 'yan kasuwa da masu masana'antu. Ni Bakano ne, da na zo ko gaisuwarsu ban iya ba. Idan lauban, wato mai kaya, ya ce "meyo", babu ke nan, Yabin ne zai raɗa mini ko da gaske babun ce, ko kuwa so yake a zauna a sha shayinsa tukuna.

Sunansa kuwa ya tsane shi. Lokacin da aka haife shi, mahaifinsa bai daɗe da shiga coci ba, bai daɗe da iya karatu ba. Ya buɗe littafinsu, idonsa ya faɗa kan "sarki Yabin", ya ce shi ke nan, ɗansa ya samu sunan sarauta. Bai karanta gaba ba. Ashe sunan sarakuna biyu ne na wani birni wai shi Hazor, dukansu sun yaƙi Isra'ilawa, dukansu ƙarshensu bai yi kyau ba. Duk Lahadin da karatu ya biyo ta kansu, sai yara su juyo suna kallonsa. Ya taɓa ce mini, "Alhaji, ka ɗauka kai ne aka sa wa Fir'auna, kuma kullum sai ka je masallaci."

A shekararsa ta ƙarshe, muna wata kasuwar sari a titin Liuhua, na ƙwala masa kira. Wani dattijo Bayahude da ya zo sayen yadi ya juyo, ya tambaye shi da Turanci wa ya sa masa wannan suna. Ya ce a Ibrananci ma'anarsa "yana fahimta", mai gane abu. Yabin ya ce, ba maƙiyi ba? Dattijon ya yi dariya, ya ce sarkin ne maƙiyi, sunan ba ruwansa. Muka je cin taliya a unguwar Xiaobei, tasa ta huce a gabansa. Can ya ce, "Ka ga tsoho bai yi kuskure ba. Sana'ata ya raɗa mini." Ya ce sai ya koma gida Kirsimeti zai gaya wa danginsa baki da baki. Bai kai Kirsimetin ba.

Yau samarinmu ba sa neman tafinta. Waya suke kangawa a bakin lauban, ta ce musu babu, su juya su tafi, kayan kuwa na nan jibge a bayan shago. Nakan tambayi kaina ko Yabin dariya zai yi ko takaici. Ban sani ba. Muryarsa ma ta fara ɓace mini.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne 'yarsa Rahila, da ke aure a Gombe. Watan jiya ta haifi namiji, ta kira ni. "Baffa, ina so a mayar da sunan Baba, dangin mijina sun ce ba dai a gidansu ba. Bai taɓa gaya maka wani abu game da sunan ba?" Ni kaɗai na rage da na ji abin da Bayahuden nan ya faɗa. Na ba ta labarin, na kuma naɗi muryata aka kai wa surukinta, wanda dattijo ne a cocinsu. Ya amsa mini cikin mutunci. Ya ce ma'anar ta yi kyau, bai musa ba, amma yaro da suna zai shiga aji, ba da ma'ana ba. Mai sunan da kansa ya sha faɗin haka.

Bayan suna ta sake kira, ta ce an sa wa yaro Joshuwa. Ni da ban san littafinsu ba, na ce madalla, Allah Ya raya. Sai ta ce, "Baffa, shi ne fa ya kashe Yabin na farko." Ba da gangan suka yi ba, in ji ta, sunan kakan mijin ne. Na ce to. Iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan.

Sai na shiga auna abin da ya rage na mutumin nan. Bai bar shago ba, aikinsa waya ta gaje, sunan ma ga inda ya tsaya. Ina cikin haka jaririn ya fashe da kuka, na ji ta tana jijjiga shi: "Yi shiru, Baba. Yi haƙuri, Babana." A wajenmu 'ya ba ta kama sunan mahaifinta, shi ya sa yaron da aka yi wa takwara da shi ake ce wa Baba. Na ce, Rahila, ai ba a yi takwaran ba.

Ta ce, "Su suka raɗa, Baffa. Ni ce mai kira."