Ranar da Malam Ya Kira Sunan Ɗansa a Duwatsun Ɗa'ifa

Shekara biyar ke nan da aka kai Malam makwancinsa a nan Riyad. Ni matarsa ce, mun yi shekara arba'in da ɗoriya tare. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta mini, don haka in kun ji magana ta karkata, bakina ne. Mutanen unguwar Utaiƙa sun san shi da Baba Mai Keke, don gyaran keke ne sana'arsa tun muna gida Nijeriya, kuma da ita ya ci gaba a ɗan shagon da kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, ya buɗe masa kusa da kasuwa. Ba zan ba ku labarin jinyarsa ba. Labarin ranar da ya fi kowa tsayi a idona zan ba ku.

Muna da ɗan fari, injiniya ne, ni ma Injiniya nake ce masa. Ku da kuke gida kun san dalili. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a nuna shi a ce ga nawa. Haka muka tarar, haka muka riƙe. To amma shi yaron a Riyad ya tashi, cikin Larabawa, inda ake kiran uba da sunan babban ɗansa, a ce Abu wane, uban kuma ya amsa yana buɗe ƙirji. Maƙwabta suka yi ta tambayar Malam, “Kai Abu wa?” Sai ya sunkuyar da kai, ya ba su sunan ƙaramar 'yarmu. Yaron yana tsaye a bakin shago yana ji.

Wata rana, ya riga ya girma ya kama aiki, ya same ni ina tuƙa tuwo ya ce, “Inna, me na yi wa Baba? Ko sau ɗaya ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.” Na ce masa kunya ce. Ya ce ai shi ma abin da yake faɗa ke nan, kunyarsa Baba yake ji. Na yi ta juya masa maganar, amma Hausarsa ba ta kai inda nake so ta kai ba, Larabcina kuma na cefane ne. Daga nan ya daina tsayawa a shago. Malam kuwa sai ya ɗauka yaro ya zama injiniya, yana ƙyamar uba mai baƙin mai a farce. Ni dai na san shi. Mutum biyu a gida ɗaya, kowa yana zaton ɗayan ba ya son a gan su tare. Abin ya ci mini rai shekara da shekaru.

Lokacin nan keke a Riyad abin lebura ne. In an ga mutum a kai, an san bai da mota. Sai ga wasu likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasarmu, da abokan aikinsu Larabawa biyu, sun sayo kekunan hawan dutse masu kaurin taya, suna fita bayan gari ranar hutu. Injiniya yana cikinsu. Shugabansu Likita Bashir ne, Bakatsine mai ban dariya, shi ne kuma yake kawo wa Malam kekensa gyara. Da suka shirya tafiyar kwana huɗu a duwatsun Ɗa'ifa lokacin nunar inabi, Likita ya ce ba za su je babu bakanike ba, Baba Mai Keke zai bi su a mota. Bai san uban wa yake gayyata ba. Yaron bai faɗa ba, uban bai faɗa ba. Ni kuma na ce ƙafata ƙafar Malam, don ba zan bar shi ya kwana huɗu yana cin burodi da cuku ba. Likita ya ji an ambaci dambun nama da miyar kuka, nan take ya ce kujerar gaba tawa ce.

Da za a ɗora kekuna a mota, sai ga Malam ya turo nasa, baƙin keke mai sanda da kariya a baya, wanda yake zuwa kasuwar Aziziyya sayo mana kayan miya da shi. Likita ya riƙe ciki don dariya. “Baba, wannan tsohuwar amaryar taka ina za ta?” Malam ya ce, “Inda 'yan matanku za su.” Aka ɗora shi don a faranta masa, ba wanda ya zaci zai hau.

Ya hau kuwa. Shekararsa sittin da wani abu, da 'yar shara da wando mai zariya, ya ɗaure ƙafar wandon da igiya. Su suna sanye da hular kwano da matsattsun kaya kamar an shafa musu. In hawa ya yi tsanani sai ya miƙe tsaye a kan feda yana jujjuya keken dama da hagu, yadda ake yi da buhun gyaɗa a hanyar kasuwar ƙauyenmu. In ya gagara ya sauka ya tura, ba ya jin nauyin kowa. Su za su wuce shi fuu, can gaba mu tarar da su a gindin bishiya suna haki, shi kuma ya zo ya wuce su a hankali yana yi musu sannu.

Ƙasar nan, jama'a, ban san akwai irinta a Saudiyya ba. Iska mai sanyi, gonaki hawa-hawa a jikin dutse, kurangar inabi ta sunkuyo da nauyin 'ya'ya, ga rumman ja wur. Tsofaffin ƙauyuka na dutse, an jera duwatsun ba siminti, da dogayen hasumiyoyi da babu kowa a ciki sai tsuntsaye. Birai kuma sun zauna a bakin hanya suna kallonmu kamar su ne masu duba iƙama, takardar zaman ƙasa. A wani ƙauye wani tsoho ya cika wa Malam kariya da inabi, ya ƙi karɓar komai, wai shi kaɗai ne a cikinsu ya yi kama da mai tafiya.

Duk kwanakin nan uba da ɗa ba su haɗa ido ba. Kowa yana cewa Baba, shi ma yana cewa Baba, ba wanda ya gane nasa daban ne. Ina zuba abinci ina kallonsu.

Rana ta huɗu saura hawa ɗaya, mafi tsawo, zuwa wani ƙauye a ƙoƙuwar dutse. Sun yi wa kansu doka: duk wanda ya shiga mota bai gama tafiyar ba. A gindin hawan, kusa da wata gonar inabi, kaifin dutse ya yanke tayar Injiniya ta baya, yanka mai tsawon yatsa. Ƙaya ta riga ta cinye duk tiyub ɗin da suka zo da shi, wannan kuma ya fi ƙarfin faci. Yaron ya jefar da hular kwanonsa ya nufo mota. Malam ya ce, “A dakata.” Ya nemi izinin mai gonar, ya kwaso busasshiyar ciyawa da ganyen inabin da aka sassabe, ya zare tiyub ɗin, ya dinga cusa su cikin tayar yana dannawa da bakin sifana har ta yi tauri, ya ɗaure wurin yankan da igiyar ƙafar wandonsa. Ɗaya daga Larabawan ya ɗaga waya yana ɗauka yana cewa Masha Allah. Malam ya ce haka fatake masu keke suke yi a dajinmu, ba ta da daɗi amma tana kai mutum gida.

Keke mai ciyawa a ciki nauyi gare shi kamar ana ja ta baya. Sauran suka yi gaba. Aka bar Injiniya, Malam a bayansa, mu a mota muna rarrafe a bayansu, na sauke gilashi. Ana saura lanƙwasar hanya biyu a kai sama, na ga keken yaron yana tangaɗi, ya fara zare ƙafa daga feda zai sauka. Sai na ji Malam ya buɗe murya. Ya kira sunan nan. Sunan da ban ji a bakinsa ba tun ranar da liman ya raɗa shi. Ya kira shi da ƙarfi har dutse ya maido, ya ce, “Taka, ɗana! Taka, ina bayanka!”

Yaron ya waiwayo sau ɗaya. Sannan ya miƙe tsaye a kan feda, ya fara jujjuya keken dama da hagu, irin na uban sak. Ban san lokacin da na leƙa ta taga na rangaɗa guɗa ba. Direba ya firgita har ya taka birki.

Tare suka shiga ƙauyen. Likita ya taho yana tafi, yana cewa yau Baba ya ceci Injiniya. Yaron ya sauka daga keke yana haki. Ya kama hannun Malam, baƙin mai da komai, ya sumbaci goshinsa yadda yaran Larabawa suke yi wa iyayensu, ya juya ya faɗa da Larabci, ya sake faɗa da Hausa: “Mahaifina ne.” Likita ya dafe kai. “Kwana huɗu ina aiken uban mutum ya ɗauko mini famfo! Hajiya, ke ma da ke aka haɗa baki?” Na ce, “Likita, kai da kake duba cikin mutane, ka kasa duba goshi biyu?” Malam dai ya tsuguna yana ta latsa tayar nan kamar akwai abin da ya rage a gyara.

Bayan shekara guda da 'yan watanni Allah Ya karɓi abinSa. Amma a tsakanin nan, duk Juma'a bayan la'asar, Injiniya yana shago, ya naɗe hannun riga yana miƙa sifana.

Yau ina kallon Riyad ina tunanin me Malam zai ce. Keke ya zama abin masu hali. Larabawa manya da tumbinsu suna fita kwarin Wadi Hanifa a jere, har 'yan mata na gani a kai, ga mata kuma an ba su tuƙin mota. Na san zai yi murmushi ya ce sun gano abin a makare. Na san kuma zai yi tsaki in ya ga yadda ake jefar da taya don ƙaramin yanka. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai yi da jikansa na fari, wanda Injiniya yake ƙwala wa kira da sunansa tun daga bakin ƙofa, ya ɗora shi a wuya ya zaga unguwar Nasim da shi. Watakila ya kau da kai. Watakila kuma ya ce gara haka.

Shagon an mai da shi wurin sayar da waya. Malam bai bar gida ba, bai bar fili ba. Ya bar mutum mai shekara arba'in da ya san tabbas ubansa yana alfahari da shi, kuma ya sani ne tun uban yana numfashi. Ba kowane ɗan fari na zamaninmu ya samu wannan ba. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa hanyarsa ta can ta zama gangara.

Jiya Injiniya ya zo gaishe ni, na gaya masa zan sa a buga wannan. Ya yi dariya ya ce, “To Inna, ke yaushe za ki kira sunana?” Na ce, “Tafi can! Ubanka sai da ya hau dutse kwana huɗu. Nemo mini keke tukuna.”